Rubutun Gayya Tsakanin Ɗaliban Digiri na Uku: Darasi Daga Kudancin Katsina

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi sharhi a kan wani nau'in rubutu da ya yawaita a jami'o'in ƙasar Hausa, watau maƙalar da ɗalibai biyu ko uku ko fiye, masu neman digiri na uku a fannoni daban-daban, suke haɗuwa su rubuta. A nan za a kira shi rubutun gayya, domin ya yi kama da gayyar noma ta fuskar taruwar hannuwa a kan aiki ɗaya. Dalilan yawaitarsa a bayyane suke. Jami'o'i da yawa sun shar'anta wa ɗalibi ya buga maƙala kafin ya kare kundinsa, kuɗin bugu a mujallu ya yi nauyi ga mutum ɗaya, sa'an nan masu ba da tallafin bincike sun fi son ganin ayarin da ya tara masana fanni fiye da ɗaya.

An zaɓi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su zama fagen wannan sharhi saboda dalilai biyu. Na farko, matsalar da ta addabi waɗannan ƙananan hukumomi a shekarun baya-bayan nan ta fi ƙarfin fanni ɗaya, domin ta haɗa noma da kiwo da tarihi da shari'a da lafiya da harshe. Na biyu, wannan yanki da maƙwabtansa sun ga manyan ayyukan bincike na haɗin gwiwa a shekarun 1970, waɗanda za a iya auna rubutun yau da su. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, rubutun gayya yana cika sunansa ne idan abin da wani fanni ya gano ya sauya tambayar da ɗaya fannin yake yi, kuma a wannan yanki wurin da ake gane faruwar haka ko rashin faruwarsa shi ne wajen kalmomi.

2.0 Ma'auni

Haɗuwar alƙalami biyu a kan aiki ɗaya tsohon abu ne a adabin Hausa. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ta biyo ta hannu uku: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Mai tahamisi yakan ɗauki baiti mai ɗango biyu ya ƙara masa uku a gaba, ya zama ƙwar biyar. Ba ya da ikon ya zo da karinsa ko amsa-amonsa na dabam. Tilas ne ya shiga karin da ya tarar, ya fahimci inda baitin ya dosa, ya share masa hanya, har mai saurare ya kasa gane inda hannun wannan ya tsaya da inda na wancan ya soma. Duk da haka abin da ya ƙara yana faɗaɗa ma'ana, wani lokaci ma yana haska wani ɓangare na baitin da ba a lura da shi ba.

Kishiyar tahamisi ita ce riga mai faci, wadda kowane ƙyalle da launinsa, zare kawai ya haɗa su. Da waɗannan abubuwa biyu za a auna ayyukan da za a duba.

3.0 Ayyukan Shekarun 1970

3.1 Rahotannin Daudawa

Daudawa, wadda take cikin ƙaramar hukumar Faskari a yau, ta yi suna wajen gwajin noman auduga tun zamanin Turawa. A damunar 1973 da ta 1974 wani ayari daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ya gwada sababbin dabarun noman auduga da dawa da masara a gonakin manoman wannan yanki. Ayarin ya ƙunshi masana tattalin arzikin noma, cikinsu har da D. W. Norman, da masana shuka da na kayan aikin gona, kuma an buga sakamakon aikin a 1976 cikin jerin rahotannin Samaru.

Shawarar da masana shuka suka daɗe suna bayarwa ita ce a shuka auduga da wuri, cikin watan Yuni, ita kaɗai a gona, a sa taki, a yi feshi. A filin gwaji wannan shawara ba ta da makusa, domin amfanin yana ƙaruwa ƙwarai. Amma manomi ya ci gaba da jinkirta audugarsa zuwa Yuli, abin da aka riƙa ɗauka taurin kai ne ko jahilci. Da masu lissafin ƙwadago suka ƙidaya kwanakin aiki na gidan manomi, sai ta bayyana cewa Yuni da Yuli su ne lokacin noman farko da maimai na gero da dawa, lokacin da hannu ya fi ƙaranci a duk shekara. Wanda ya bar abincin gidansa cikin ciyawa ya tafi gonar auduga ya sayar da cikin iyalinsa ke nan. Haka kuma feshin da aka ba da shawara yana bukatar ɗebo ruwa mai yawa zuwa gona, wanda shi ma aiki ne da ba a lissafa ba, sai da aka koma ga ƙaramin injin feshi mai batir wanda ba ya bukatar wannan ruwa.

A nan an ga tahamisi na sosai. Mai nazarin shuka ya shigo da tambayar yadda za a sami auduga mafi yawa a kadada ɗaya, ya fita da tambayar irin audugar da za ta yi kyau ko da an shuka ta a makare. Tun kafin haka Norman ya nuna, a wata maƙala ta 1974, cewa haɗa amfanin gona iri biyu ko uku a fili ɗaya, wanda malaman gona suke hanawa, dabara ce mai riba kuma mai kare manomi daga asara. Wani abin lura ga mai nazarin Hausa shi ne, wannan ayari bai ɗauki ma'anar iyali daga littattafan Turai ba. Sun ƙidaya gida ne bisa masu cin tukunya ɗaya, suka kuma bambanta gandu da gayauna. Da ba su yi haka ba, da lissafin ƙwadagon gaba ɗaya ya tashi a banza, domin gida mai ƙofa ɗaya yana iya ƙunsar tukunya uku.

Abin takaici shi ne, Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 1975 zuwa 1980, kuma ya haɗa da gundumomin Ƙanƙara da Faskari, ya fi karkata ga noman iri ɗaya a gona da kuma manyan manoma. Masara ta karɓu, ta kuma sauya fuskar noman yankin, amma masu sharhi irin su Gavin Williams sun soki shirin da cewa ƙaramin manomi bai ci moriyarsa yadda aka alkawarta ba.

3.2 Jerin Maƙalun Malumfashi

A daidai wannan zamani, a Malumfashi maƙwabciyar Ƙanƙara, an gudanar da babban binciken cututtuka tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful a Ingila. Daga 1977 aka fara buga jerin maƙalunsa a mujallar Annals of Tropical Medicine and Parasitology, a kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji da ƙidayar haihuwa da mutuwa. Aiki ne mai daraja, kuma alƙalumansa sun zama abin komawa. Sai dai kusan dukkan hannuwan da suka rubuta shi daga gida ɗaya suke, watau likitanci da 'yan'uwansa.

A wannan ƙasa ta Malumfashi ne kuma Murray Last, masanin tarihi da al'adu, ya zauna a wani gidan Maguzawa yana nazarin yadda mutane suke fahimtar cuta da magani. Maƙalarsa ta 1981 ta nuna cewa sau da yawa mara lafiya bai damu da sanin sunan cutarsa ko sanadinta ba, kuma sunan da mutum ɗaya ya ba wa ciwo ba lalle ne maƙwabcinsa ya yarda da shi ba. Wannan magana ta shafi duk wata takardar tambayoyi da aka gina bisa zaton cewa kowace kalmar cuta ta Hausa tana da takwara ɗaya tak a littafin likita. Ga masu ƙidaya, ga mai nazarin kalmomin da ake ƙidayar da su, a ƙasa ɗaya kuma a zamani ɗaya, amma kowa da mujallarsa. Mai karatu ne aka bar wa aikin haɗa su.

3.3 Ɗalibai Biyu, Maƙala Ɗaya

Misalin da ya fi kusa da jigon wannan sharhi shi ne na Robert Shenton da Michael Watts. Shenton ɗalibin tarihi ne daga Toronto a Kanada, Watts kuma ɗalibin labarin ƙasa daga Mishigan a Amurka, wanda ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina. A 1979, lokacin da kowannensu yake kan gaɓar aikin digirinsa na uku, suka buga maƙala ɗaya a mujallar Review of African Political Economy a kan jari-hujja da yunwa a Arewacin Nijeriya.

Mai labarin ƙasa shi kaɗai yana iya tsayawa a ma'aunin ruwan sama ya ce fari ne ya kawo yunwa. Mai tarihi shi kaɗai yana iya tsayawa a takardun haraji na ma'ajiyar Kaduna. Da suka haɗu sai tambayar ta zama wata: me ya sa farin da talaka yake jurewa a da ya koma yana hallaka shi a zamanin mulkin mallaka? Amsarsu ta rataya ga harajin kuɗi da ake karɓa bayan kaka, wanda yake tilasta sayar da hatsi da arha, da bashi, da noman gyaɗa da auduga don sayarwa, da raunin hanyoyin taimakon juna na gargajiya. Ana iya jayayya da su, an kuma yi, musamman a kan yadda suka ƙawata zamanin kafin Turawa. Amma babu mai iya ɗaukar almakashi ya raba maƙalar ya ce wannan rabon tarihi ne, wancan na labarin ƙasa. Daga baya, a littafinsa Silent Violence na 1983, Watts ya yi amfani da sunayen da Hausawa suka laƙaba wa shekarun yunwa, irin su Kakalaba ta 1914 da Mai Buhu ta 1927 da 'Yar Gusau ta 1942. Kowane suna daga cikinsu shaida ne a kan yadda aka ji yunwar ko inda aka nemo hatsi.

4.0 Rubutun Gayya a Yau

4.1 Zubi da Tsari

Tun da rikicin satar shanu ya rikiɗe ya zama kisa da garkuwa da mutane a kudu maso yammacin Jihar Katsina, musamman bayan sace ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, waɗanda aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida, maƙalu masu sunaye da yawa a kan wannan yanki sun cika mujallu. Akwai nagari a cikinsu. Amma wanda ya karanta da dama zai ga zubi ɗaya yana maimaituwa. Ɗalibin labarin ƙasa ya kawo taswira da bayanin yanayi da iyakokin yankin da Zamfara da Birnin Gwari. Ɗalibin kimiyyar siyasa ko zamantakewa ya kawo wani ra'i da aka ƙirƙira don wata ƙasa, ya shimfiɗa shi a shafi biyu. Ɗalibin tattalin arziki ya kawo jadawali. Daga ƙarshe a jera shawarwari ga gwamnati, waɗanda za a iya rubuta su tun kafin a fita bincike. Ra'in da aka kawo a farko ba ya sake bayyana wajen fassara jadawali, taswirar kuma ba ta yi bayanin dalilin da ya sa wannan ƙauye ya watse wancan ya zauna ba. Ko salon jimla yakan nuna inda aka yi ɗinki. Wannan shi ne taron tsintsiya ba shara.

Dole a yi wa waɗannan ɗalibai adalci. Masu binciken Daudawa sun yi damuna biyu suna shiga gonaki, alhali ɗalibin yau akwai ƙauyukan da ba zai iya taka ƙafarsa ba. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar, cikinsu da waɗannan uku, na tsawon watanni. Saboda haka yawancin bayanan ana samo su ne daga bakin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa garuruwa, ko ta waya, ko ta hannun wani ɗan gari da aka ba takardar tambayoyi. To, idan ido ba ya iya zuwa, magana ce ta rage shaida. A nan ne raunin ya fi yin illa.

4.2 Kalmomi

Akasarin takardun tambayoyin da Turanci ake tsara su, a fassara wa mai amsawa da baki nan take, a sake mayar da amsarsa Turanci. A wannan kai-da-kawo abubuwa da yawa suna zubewa. Ga misalai kaɗan.

Turanci ya tara kowa a ƙarƙashin kalma ɗaya, amma bakin mutanen yankin ya bambanta ɓarayin shanu da ɓarayin daji da 'yan bindiga da 'yan fashin daji da 'yan ta'adda, wasu kuma sukan sakaya su ce mutanen daji. Waɗannan sunaye ba a lokaci ɗaya suka fito ba, kuma jerinsu tarihin rikicin ne a taƙaice. Na ƙarshensu ya sami ƙarfin doka ne bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya a Nuwamba 2021. Wanda ya zaɓi sakayawa kuwa yana iya kasancewa yana gaya wa mai bincike cewa akwai kunne a kusa. Jadawali ba ya ɗaukar wannan.

Kalmar daji kanta ta isa misali. A wurin mai taswira, daji shi ne gandun da gwamnati ta shata, kamar Rugu. A wurin manomi, gonarsa ta nesa ma tana daji. Idan aka tambaye shi ko yana shiga daji ya ce ya daina, mai yiwuwa abin da yake nufi shi ne ya bar noman babbar gonarsa ya dawo 'yar ta bayan gida, wanda labari ne na abinci, amma sai a rubuta shi a babin itacen girki ko farauta.

Haka sulhu. An yi zaman sulhu tsakanin gwamnatin jihar da shugabannin daji a 2019, har da zama a ƙauyukan Sabuwa da Faskari, bai kuma ɗore ba. Amma mutumin ƙauye yana iya kiran yarjejeniyar da garinsu ya yi shi kaɗai, ta biyan kuɗi don a bar su su yi noma ko girbi, da wannan suna. Wani ya kira wannan kuɗi haraji, kalmar da take nuna cewa a ganinsa iko ya koma wani hannu. Mai bincike da ya tambayi mutane ko suna goyon bayan sulhu, ya tara amsoshin a gurbi ɗaya, ya haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Kazalika 'yan banga da 'yan sa-kai da jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2023, kowanne da asalinsa da yadda ake kallonsa, musamman a rugage. Wannan ma ya tuna da wani giɓi: rikici ne mai ɓangare biyu aƙalla, amma da wuya a ga mai jin Fulatanci a ayarin marubuta.

Idan an gayyaci ɗalibin Hausa cikin irin wannan aiki, galibi a matsayin tafinta ake gayyatarsa, bayan an riga an gama tsara tambayoyi. Alhali aikinsa na ainihi yana gaban wannan mataki: ya tattara kalmomin da mutane suke amfani da su, ya rarrabe ma'anoninsu, ya saurari karin magana da habaici da waƙoƙin da rikicin ya haifar, sa'an nan a gina tambayoyi a kansu. Shi ma yana da nasa laifin. Nazarin da ya tsaya ga jera sababbin kalmomi da rarraba su aji-aji, ba tare da sanin farashin buhun masara a kasuwar Ɗandume ko inda burtali ya bi ba, shi ma ƙyalle ne.

4.3 Sunan Wa Za a Sa?

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare, ta sa sunana in sa naka, inda mutum uku za su rubuta maƙala uku kowa shi kaɗai, amma kowace ta fito da sunaye uku. Akwai kuma sunan da ake sawa don girmamawa ko don an biya rabin kuɗin bugu. Waɗannan 'yan amshin Shata ne. A ɗaya gefen kuma ga ɗan garin da ya sa ransa cikin haɗari ya zaga da takardun tambayoyi, wanda shi ne ya san wace amsa ce ta tsoro, ko godiya ba a cika yi masa ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wanda ya samo asali daga wani taro a Kanada a 1978, ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin a kira mutum marubuci: ya ba da gudummawa mai ƙwari wajen tsara bincike ko tattara bayanai ko feɗe su, ya sa hannu wajen rubutawa ko gyaran ma'ana, ya amince da abin da za a buga, ya kuma yarda a tuhume shi a kan aikin. Sharaɗi na huɗu ya isa gwaji. A tsayar da kowane ɗaya daga cikin marubuta a tambaye shi ɓangaren da ba na fanninsa ba. Idan ya ce wannan sai wane, to ba a yi gayya ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa rahotannin Daudawa da maƙalar Shenton da Watts sun yi nasara domin kowane fanni ya yarda ɗan'uwansa ya gyara masa tambaya, yayin da a Malumfashi ilmi biyu masu bukatar juna suka tafi a jere ba su gamu ba. An ga kuma cewa yawancin rubutun gayya na yau a kan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya fi kusa da faci. Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ɗalibai su zauna su amince da tambaya ɗaya kafin kowa ya buɗe littafin fanninsa. A tsara tambayoyi da Hausa, da Fulatanci inda ya kama, sa'an nan a fassara su zuwa Turanci. A ajiye amsoshi da lafazin masu su. Kowa ya rubuta daftarin sashen ɗan'uwansa, mai fannin ya gyara.

Saura aibi ɗaya da ya haɗa ayyukan da da na yanzu, masu kyau da marasa kyau: dukkan waɗanda aka ambata da Turanci aka buga su. Manomin Daudawa da aka ƙidaya kwanakin aikinsa bai sami rahoton da harshensa ba. Ba a rasa abin koyi ba, domin R. M. East da Abubakar Imam sun haɗu a Zariya sun rubuta Ikon Allah, suka bayyana kimiyyar halittu da Hausa mai daɗi, kuma ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna yadda masana suke iya zama su amince da kalma. Ya kamata kowane ayarin ɗalibai da ya yi bincike a wannan yanki ya ɗauki fitar da sakamakonsa da Hausa a matsayin wani ɓangare na aikin, ko da taƙaitawa ce ta shafi huɗu da za a karanta a rediyo. Ranar da aka karanta wa mutanen Sabuwa abin da aka rubuta a kansu, su ne za su fara nuna inda aka fassara sulhu ba daidai ba.